Na'urar ƙirga zagaye ta tseren motocin rimot: a saya ne ko a haɗa a gida?

"Salamu alaikum Yaya Injiniya. Mu samari ne a nan Garwa, mu bakwai muke da ƙananan motocin rimot, yawanci WLtoys ne, duk Lahadi muna haɗuwa a filin wata makaranta muna tsere. Matsalar kullum sai an tashi da gardama, wannan ya ce zagaye 14 ya yi wancan ya ce ƙarya ne 13 ne. Na duba intanet na ga na'urar da Turawa ke amfani da ita, kuɗinta ya fi na sabuwar moto. Mun tara sefa 60,000. Akwai mai araha da za mu saya, ko ana iya haɗa ta a gida? Wani abokinmu ya ce katin RFID irin na ƙofar otel zai yi."

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi albarka. In na fahimce ka da kyau abu biyu kake so na'urar ta yi muku, ta ce mota ta tsallake layi a lokaci kaza, sannan ta ce motar wa ce ta tsallake, kuma abin da ke hannu 60,000 ne. Toh tun farko ka raba biyun nan a ranka. Na farkon ba wani abu ba ne, ɗalibin lise teknik ma zai haɗa maka shi da yamma ɗaya. Na biyun, wato gane wace mota ce a cikin bakwai da suka taho a guje kusan a manne, nan ne kuɗi da wahala suka taru, kuma duk bambancin farashin da ka gani a intanet daga wajen nan ya fito. Ni sana'ata gyaran kayan lantarki ce a Marwa, ina kuma haɗa ƙananan abubuwa da Arduino da ESP32, wato ƙananan allunan kwamfuta da ake tsara wa aiki, na ma haɗa wa yaran da ke tsere a nan gadar ƙirga zagaye, wadda motoci ke wucewa ta ƙarƙashinta, saboda haka abin da zan faɗa maka a kan ƙananan motocin batir ne irin naku, masu shan mai da manyan 1/5 ba layina ba ne.

Lissafin da za ka fara riƙewa

A kwalin WLtoys 144001 an rubuta kilomita 60 a awa, amma a fili mai kwana-kwana ba kai can ake yi ba, mu ɗauka 36 don lissafi ya zo da sauƙi. Kilomita 36 a awa daidai yake da mita 10 a sakan ɗaya, kenan santimita ɗaya a kowane milisakan (sakan ɗaya an raba shi gida 1,000). Idan wurin da na'urarka ke iya ganin motar faɗinsa santimita 30 ne, to milisakan 30 kacal take da shi ta ga motar, ta karanta lambarta, ta tabbatar ba kuskure. Duk wata dabara da wani zai kawo maka ka auna ta da wannan lamba, in ba ta shiga ciki ba ka bar kuɗinka a aljihu.

Da shi ma za mu sallami maganar abokinku. Na'urar karanta kati mai araha da ke yawo a kasuwa, RC522, tana aiki a 13.56 MHz kuma sai katin ya matso kamar santimita 3 zuwa 5 kafin ta ji shi, ga eriyarta ba ta fi tafin hannu ba, filinku kuwa faɗinsa zai kai mita 2 ko 3. Sai dai in kowa zai tsaya ya yi fakin a kanta. Akwai RFID na dogon zango, UHF, irin wanda ake liƙa wa masu gudun famfalaki a riga, shi yana karantawa daga nesa, amma rida mai kyau da eriyoyinta sun fi ƙarfin kuɗinku, kuma da yake daga nesa yake ji sai ya karanto motar da ke wucewa ta layin gefe ma. Ku bar shi kawai.

Abin da manyan filaye ke amfani da shi

Wanda ka gani mai tsadar nan kusan tabbas MyLaps ne, kamfanin ƙasar Holan, tsofaffin 'yan tsere har yau AMB suke ce masa saboda tsohon sunansa kenan. Yadda yake aiki, ana shimfiɗa waya siririya ta ratsa filin ta dawo, layi biyu a jere da tazarar kamar santimita 30, a binne a ƙasa ko a ƙarƙashin kafet, sai a ja kebul zuwa wani akwati da ake kira dikoda. Kowace mota kuma tana ɗauke da ɗan abu da bai kai akwatin ashana ba, tiransfonda, yana ta aika lambarsa ta hanyar maganaɗisu a wajen 5 MHz, da motar ta bi ta kan wayar sai dikoda ta ji lambar, ta duba inda siginar ta fi ƙarfi ta ce nan ne tsakiyar layi. Rana ba ruwanta da shi, ƙura ba ruwanta da shi, motoci goma su wuce tare zai raba su, shi ya sa gasar duniya ta IFMAR, hukumar tseren motocin rimot ta duniya, da manyan kulob-kulob suka dogara da irinsa. Gaskiya abu ne mai kyau, ba zan kushe shi don ba mu da kuɗinsa ba. Amma dikoda sabuwa ta haura euro 2,000, kuma ka san euro ɗaya sefa 655.957 ne ba ya motsi, kaga an wuce miliyan ɗaya da dubu ɗari uku tun ba a yi maganar jirgi da duwan (kwastan) ba, kowane tiransfonda kuma yana wajen euro 100, wato ɗaya tal ya cinye abin da kuka tara gaba ɗaya har da ciko.

Akwai mutanen da suka haɗa dikodarsu ta irin wannan tsari suka saki zanen kyauta a intanet, kamar RCHourglass da OpenStint, na biyun da rediyon SDR yake amfani, wato rediyon da manhajar kwamfuta ke sarrafawa. Mai son ya koyi aikin rediyo sosai zai ƙaru da su, amma sai an buga allon sakit, a naɗa koyil, a daidaita shi, kuma in ya ƙi aiki ba ka da osiloskop, na'urar da ke nuna siffar sigina, to a duhu kake lalube. Ba nan zan tura mai farawa ba.

A tsakiya kuma akwai na saye masu aiki da infirared, wato hasken nan na rimot ɗin talabijin da ido ba ya gani, irin su I-Lap, Trackmate, Robitronic, EasyLap da LapMonitor. Galibi ana kafa gada a saman filin da sensa suna kallon ƙasa, motar tana da ɗan fitila yana haska lambarta sama. LapMonitor shi da waya yake haɗuwa ta Bluetooth, ba ya buƙatar kwamfuta, sauran galibi USB ne zuwa laftof, kuma akwai manhaja ta kyauta mai suna ZRound da ke aiki da da yawa daga cikinsu. Tiransfondansu bai kai rabin na MyLaps ba a kuɗi, amma in ka haɗa gada da guda bakwai da kuɗin kawowa Kamaru za ka ninka 60,000 ɗin nan sau da yawa. In wata rana kun yi yawa kun zama ƙungiya ana biyan kuɗin shiga, wannan rukunin za ku duba. A yanzu dai amfaninsu gare ku shi ne dabararsu ce za mu kwaikwaya.

Abin da za ku iya yi ran Lahadin nan ba tare da kashe ko dala ba

Gardamar da ka faɗa, 14 ne ko 13, ba matsalar milisakan ba ce, matsalar ƙirga ce, kuma mai tuƙi ba ya iya ƙirga wa kansa saboda hankalinsa na kan kwana. Ku yi yadda ake yi a gasa, tsere na minti 5, in lokaci ya cika kowa ya ƙarasa zagayen da yake kai, sakamako ya zama misali zagaye 15 a minti 5 da sakan 8, wanda ya fi yawan zagaye ya ci, in an yi kunnen doki a duba wanda ya riga gamawa. Ku raba kanku rukuni biyu, huɗu na tuƙi uku na ƙirga tare da wani yaro cikin 'yan kallo, kowane mai ƙirga mota ɗaya aka ba shi, da agogon wayarsa a hannu, kowace waya tana da maɓallin zagaye a cikin kronon ta, duk wucewa ya danna. Hannun mutum yana makara da kamar kashi biyu cikin goma na sakan, wannan ba komai ba ne ga ƙirga. Sai a jingina waya ɗaya a bakin layi tana ɗaukar bidiyo, in za ta iya hoto 60 a sakan a sa ta a haka, saboda a 30 motar tana tafiyar santimita 33 tsakanin hoto da hoto, kusan tsawon motar kenan, a 60 kuwa rabin haka ne. Ku liƙa manyan lambobi a rufin motoci, kala daban-daban. Wallahi wannan kaɗai zai kashe yawancin rigimarku, kuma ko kun haɗa na'ura kar ku daina ɗaukar bidiyon.

Mataki na gaba mai arha shi ne layin leza. Ɗan leza ja irin KY-008 a gefe ɗaya, fototiransista, wato ɗan sensa mai jin haske, a ɗaya gefen a cikin baƙin bututu mai tsawon santimita 10 zuwa 15 don kar rana ta shiga, tsayinsu daga ƙasa santimita 3 ko 4, mota ta yanke hasken allo ya rubuta lokaci. Kar ka yarda a sayar maka da LDR, wani sensan hasken daban, a madadin fototiransista, ya fi samuwa a shaguna amma nauyin jiki gare shi, yana ɗaukar milisakan gomomi kafin ya farga. Layin leza yana ba da lokaci daidai ƙwarai, har ya fi gadar da zan bayyana a ƙasa, illarsa bai san kowa ba, mota ɗaya-ɗaya ake shiga. Ya dace da atisaye da kuma tantance wanda zai tsaya a gaba wajen tashi, kowa ya shiga shi kaɗai a ɗauki zagayensa uku a jere mafi sauri. A kula da ƙananan yara, suna son kwanciya su leƙa cikin jan hasken.

Gadar infirared, wadda nake ganin ita ce taku

A nan zan daɗe don nan ne mutane ke faɗuwa. Kowace mota za ta ɗauki ɗan cif ATtiny85 da fitilar infirared ta 940 nm tana kallon sama ta wani rami da ka huda a rufin motar, a gada kuma sensa irin TSOP38238 da ke jin hasken da ke ƙyaftawa sau 38,000 a sakan kawai, da allon ESP32 guda ɗaya da zai tattara komai. Abin da kowa ke fara yi shi ne ya sauko da lambar kwamfuta, wato umarnin da ake rubuta wa cif, ta rimot ɗin talabijin da ke intanet ya zuba, a kan tebur ta yi aiki lafiya lau, a fili kuma ta riƙa tsallake zagaye ya rasa dalili. Dalilin shi ne saƙon rimot na tsarin NEC, wanda yawancin rimot ke amfani da shi, yana cin kusan milisakan 67 kafin ya kammala, mu kuma mun ce 30 muke da shi. Kamar mai moto ne ya taho a guje ya fara maka doguwar gaisuwa, ina kwana ina gajiya ya iyali, kafin ya kai ga faɗin sunansa ya sha kwana.

Saboda haka saƙon sai ka tsara naka gajere. Yadda nake yi, ɗan haske na farko mai ɗan tsawo a matsayin sallama, sai bit 4 (kowane bit sifili ne ko ɗaya) na lambar mota, wanda ya isa motoci 16, sai a sake bit 4 ɗin a juye don in ƙura ko wata mota ta ɓata saƙon allo ya gane ya watsar. Kowane bit haske ne na maikurosakan 400 (maikurosakan 1,000 ne milisakan ɗaya), sai shiru na 400 in sifili ne ko 800 in ɗaya ne, duka saƙon bai kai milisakan 10 ba. Kar ka matse shi fiye da haka sosai, sensan nan yana buƙatar aƙalla ƙyaftawa 10 a jere kafin ya yarda sigina ce. Bayan kowane saƙo cif ɗin ya yi shiru na ɗan lokaci, kuma shirun kar ya zama tsayayye, wani karo milisakan 5 wani karo 12, a hargitse, saboda in motoci biyu suka shigo tare suka yi karo da baki a saƙon farko to a na biyu za su saɓa. Shirun yana da wani amfani kuma, sensan rimot in ya ji haske ba ƙaƙƙautawa sai ya ɗauka hayaniya ce ya toshe kunnensa, musamman ɗan arhan nan VS1838B da ke zuwa cikin kit na Arduino, shi ya fi kowa wannan hali.

Ita gadar bututun ruwa na PVC ya isa, tsayi kamar santimita 45 zuwa 50 daga ƙasa, sensa ɗaya a kowane santimita 30 ko 40 na faɗin hanya, kuma ka matse hanyar a wajen gadar ta dawo mita ɗaya da rabi don ka rage yawan sensa. Kowane sensa a ba shi ƙafarsa daban a jikin ESP32, kar a haɗe su a waya ɗaya, ta haka in mota biyu suka wuce kafaɗa da kafaɗa ɗaya na ƙarƙashin sensa na biyu ɗaya na ƙarƙashin na huɗu kowa za a ji shi. Fitilar motar ka nemi mai buɗaɗɗen haske, mai digiri 30 kowane gefe, a tazarar santimita 40 haskenta zai rufe kusan santimita 46, kaga lokacin karatunmu ya ƙaru daga milisakan 30 zuwa 46. Sannan dabarar da ta fi duk waɗannan kuma kyauta ce: kar ka kafa gadar a tsakiyar doguwar miƙaƙƙiyar hanya inda kowa ke taka wuta, kafa ta jim kaɗan bayan kwana mai tsauri inda gudu ya ragu rabi, lokacin karatu ya ninka. Kuma kar ta kasance bayan tudun tsalle, mota in tana sama a karkace fitilarta wani wajen take kallo.

Wajen wuta kuma a yi hankali. ATtiny85 ba ya ɗaukar sama da volt 5.5, batirin LiPo mai sel biyu na motocinku kuwa in ya cika 8.4 ne, in ka haɗa kai tsaye sai hayaƙi. Motocin da ke da risiba (mai karɓar siginar rimot) daban suna da ramin da ya rage mai ba da volt 5 ko 6, a nan diyod 1N4007 ɗaya a kan layi ya isa ya rage ƙarfin. Amma yawancin motocin arha risiba da na'urar sarrafa gudu allo ɗaya ne, babu ramin da ya rage, sai ka ɗauko wuta daga ɗan farin fulogin balans na batirin, wayoyin gefe biyu, ta cikin 78L05, mai sauke wutar zuwa volt 5. Ka sa kondansater 100 nF dab da ƙafafun cif ɗin da wani babba na 47 ko 100 µF, in ba haka ba duk sanda aka taka wuta injin motar zai ja ƙarfi cif ɗin ya mutu ya farfaɗo, sai ka ga motar mutum ɗaya ce kullum ake rasa zagayenta, shi kuma ya ce da gangan ake masa. Fitilar a sa mata rezistans 150 ohm. In an gama tsere a cire fulogin, in an bar shi zai tsotse batirin a hankali har ya lalace. Gwajin ko fitila na ci, buɗe kyamarar waya ka kalle ta, za ka ga tana ƙyalli shuɗi-shuɗi mai ruwan hoda, in kyamarar baya ba ta nuna ba gwada ta gaba.

Na zaɓi ESP32 a kan Arduino Uno saboda dalili biyu. Agogon da ke tafiyar da cif ɗin Uno na yumɓu ne, yana iya kaucewa har rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a zagayen sakan 20 kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan kenan, a tsere ɗaya ba zalunci tunda agogo ɗaya ke auna kowa, amma in kuna son ajiye tarihin fili sai ya dame ku, ESP32 kuwa kiristal gare shi. Na biyu yana buɗe WiFi na kansa, ba data ba komai, kowa ya haɗa wayarsa ya buɗe 192.168.4.1 a burauza ya ga jadawali yana canzawa, kuma pawa bank ɗaya ya riƙe shi har a tashi, ko an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ba ruwanku. Abu ɗaya, lokacin a cikin ESP32 za a buga shi a daidai sanda saƙo ya shigo, kar a bar wa waya, WiFi wani lokaci yana jinkiri. Kuma a cikin lambar ka sa mafi ƙarancin lokacin zagaye, in gwaninku yana yin sakan 18 to duk motar da aka sake ji kafin sakan 10 a yi banza da ita, in ba haka ba wanda motarsa ta kife a ƙarƙashin gada ko ya yi ribas zai tashi da zagaye 40.

Rana, ƙura da zafi

Waɗanda suka ƙirƙiro tsarin infirared ɗin nan yawanci a cikin ɗaki suke tsere a kan kafet, mu kuma ga ranar Garwa. Hasken rana cike yake da infirared, kuma ko da sensa ƙasa yake kallo farin yashi ko siminti na mayar masa da hasken, shi kuma in haske ya yi masa yawa sai ya rage jin kansa da kansa, gadar da ke karantawa daga mita biyu a cikin shago sai ta kasa santimita 40 da azahar. Maganinsa kashi uku ne kuma duka za ka yi. Kowane sensa a cusa shi cikin guntun baƙin bututu na santimita 2 ko 3, kar ya fi haka tsawo don yana rage faɗin abin da yake gani. A yi wa gadar rufi da kwali ko falanki mai faɗin rabin mita don inuwa ta sauka a kan layin, a shimfiɗa baƙar roba ko tsohon kafet mai duhu a ƙarƙashi. Sannan ku mayar da tserenku bayan la'asar, wanda ni a ganina ko ba na'ura ma ya kamata, don a watan Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40 batiran LiPo da injinan motocin ma wahala suke sha. In kun samu rumfar kwano babba ko zauren makaranta shi kenan an huta. Masu yi da dare kuma su nesanta gadar daga dogayen fitilun nan na tub da ƙwan nan masu lanƙwasa, suna ƙyaftawa a kusa da mitar da sensa ke saurare, fitilar LED ta fi zama lafiya.

Lokacin hunturu in hazo ya sauko ƙura na kwanciya a kan fitilar motar, ɗan abu ne kamar ƙwayar dawa, ƙura kaɗan ta dushe shi, a goge da tsumma kafin kowane tashi. Kuma kar ka liƙa komai da gam ɗin bindiga, a cikin baƙin bututu a rana yana yin laushi, za ka zo ka tarar sensa ya sunkuya yana kallon ƙafar gada, wayar ma ta zame. Igiyar roba mai zugewa da silikon su ne abin yi, haɗin wayoyi kuma a yi shi da dalma, ba a murɗe da hannu a naɗe da salatif ba, girgizar motar nan ba wasa ba ce.

Kar kuma in yi maka daɗin baki, gadar gida ba MyLaps ba ce. Tunda sai saƙo ya kammala ake buga lokaci, kuskuren milisakan 10 zuwa 20 yana nan ba makawa, wato santimita 10 zuwa 20 a cikakken gudu, in motoci biyu suka iso hanci da hanci bidiyo ne zai raba gardama. Kuma jefi-jefi za ta rasa zagaye, in mota ta hau kan wata ko ta wuce a kife, ana gane shi da sauƙi don za ka ga zagayen mutum ɗaya ya zama sakan 37 alhali 18 yake yi, saboda haka a shafin ka sa maɓallin da alƙali zai ƙara zagaye da hannu, kuma ku yarda da wannan doka tun kafin a tashi.

Kuɗi da inda kaya suke

ESP32 a kasuwar intanet ta Chana bai kai sefa 5,000 ba, ATtiny85 da sensa da fitilu kuma ƙananan kuɗi ne, a Duwala ko Yawunde za ka same su da ɗan ƙari a sako maka a motar ajans, masu zuwa Kano ta Mubi ko Yola ma suna iya riƙo maka daga Sabon Gari. Idan aka yi tsimi 60,000 za ta ɗauki allo, sensa biyar ko shida, tiransfonda bakwai, bututu da waya, amma ka sayi rarar cif biyu da sensa biyu tun tashin farko don wani zai ƙone. Za ka buƙaci Arduino Nano ɗaya ko USBasp don zuba lamba a cikin ATtiny85, wannan ana iya aro. Fitilun infirared kuwa kyauta suke a cikin matattun rimot, je wajen mai gyaran talabijin a kasuwa ya buɗe maka kwalin tarkacensa. Sensa ma akwai a gaban tsofaffin dikodar tauraron ɗan adam da DVD, sai dai wasu na 36 kHz ne kuma jeren ƙafafunsu ya bambanta, don gwaji sun yi, amma na kan gada gara ka sayi iri ɗaya sababbi.

In a cikinku babu mai rubuta lambar kwamfuta, nemi ɗalibin lantarki na IUT ta Ngaundere ko Politeknik ta Marwa da ya zo hutu, ka nuna masa bayanin saƙon da na yi a sama, zai gane. Ku fara da sensa ɗaya da tiransfonda ɗaya a kan tebur, in ya karanta sai a ɗaura a mota ɗaya a wuce ƙarƙashin gadar sau 50 a cikakken gudu da irin ranar da kuke tsere a cikinta, wani na ƙirgawa da hannu. In ta kama 49 ko 50 sai a sayi kayan sauran motocin, in tana ba da 40 kar a ƙara kashe ko sisi tukuna, a sauke gadar ƙasa kaɗan, a ƙara inuwa, a sake gwadawa.